Kitso Tamanin da Huɗu a Kan Yaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya ƙarfin jiki? Ya aiki, ya Baban yara da 'yan biyu? Na bar wannan takarda a hannun maigadin gidan burodinku ne, saboda wata huɗu ke nan wayata ba ta shiga taki. Na san ba laifin layi ba ne.

Yaya, akwai wani ruɗani da kusan kowace mace take faɗawa game da ƙarin gashi, kuma da shi nake buɗe darasi duk shekara idan sababbin ɗalibai sun shigo cibiyarmu ta koyon sana'a. Mace za ta tambayi mai kanti, “Wannan gashin wata nawa yake yi?” Ya ce mata shekara. Bai yi ƙarya ba. Gashin doki roba ne, ki jefa shi a leda ki manta da shi shekara uku, yadda kika ajiye haka za ki tarar. Tambayar da ya kamata ta yi daban ce: kaina zai iya ɗaukarsa har yaushe? Shi kai ba roba ba ne. Kullum gashi yana tsirowa a ƙarƙashi, ɗaurin yana ƙara nisa da fata, har nauyin kitson ya koma yana lilo a kan 'yan silin gashi kaɗan. Mai cikakken gashi ma mako shida zuwa takwas ne iyakarta. Ke kuwa da naki sabo ne, bai daɗe da fitowa ba bayan maganin asibiti ya zubar da na da, mako huɗu na ce miki. Kika ce to.

Shekaranjiya na shiga kantinku sayen burodi. Ƙofar ciki a buɗe take, na hango ki kina gyara hular aiki, jelar kitso ta zubo miki a wuya. Ruwan ƙasa mai ɗan ja, wanda na zaɓa da hannuna don ya shiga da fatarki. Yaya, kitson da na yi miki ne ana gobe za ki koma aiki! Na tsaya ina ƙirga watanni da yatsa, har mutumin da ke bayana ya ce, “Baiwar Allah, burodin ma sai an yi shawara da gida?” Biyar na ƙirga. Na sake ƙirgawa, ba su ragu ba.

Da a cikin makonni huɗun nan muke, da sai in tuna miki abin da na gaya miki ranar: ki sirka shamfu da ruwa, ki wanke fatar kai da kan yatsu, kada ki cuɗa kitson kamar wanki. Ki bari ya bushe ƙarau kafin ki rufe shi. Ki shafa mai kaɗan, a fata kawai. Ki kwana da ɗankwali mai santsi don kada matashi ya yi ta gogar sa. Amma an wuce nan tuntuni. Ke a cikin garin fulawa da tururi kike yini. Fulawa da gumi da man kitso idan suka haɗu a gindin gashi, ke mai aikin burodi kin fi ni sanin abin da suke zama.

Ki zo in tsefe miki, ko ni in zo. Awa uku ne kawai. In ba kya son jin muryata, zan yi shiru har mu gama.

Allah ya ƙara lafiya. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta


Malama, tunda haka duniya take kiranki,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara lafiya, Babansu lafiya. Jiki da sauƙi tun kafin ki tambaya. Ki yi haƙuri da takardar, bayan takardar odar fulawa ce, mu ba mu da farar takarda irin ta masu ilimi.

Na karanta darasinki. Saura ki aiko min da jarrabawa. Shafi biyu cur, ba a samu inda za a rubuta “na yi laifi” ba, amma an samu inda za a koya min wanke kai. Ni da na yi miki wanka a baho, na fitar miki da ƙwarƙwata da farcena kina ihu kamar ana yanka ki, yau ni ake koya wa sirka shamfu. Duniya ke nan.

Kin ce kin san ba laifin layi ba ne. To tunda kin san wannan, bari in tuna miki sauran. Ranar da kika yi min kitson nan, ina zaune a ƙasa tsakanin ƙafafunki a ɗakina, na ce ki juya madubi ya kalli bango. Kika juya. Da na cire ɗankwali na ji ƙyas a bayana, na ce mene ne, kika ce saƙo ne ya shigo. Ashe hoton ƙeyata kika ɗauka.

Bayan mako uku ina ɗakin canza kaya, inda kowa take cire ɗankwali ta sa hular aiki a gaban kowa, sai ga mai kwaɓa ƙullu. Matar da wata takwas ina kwance ko “ya jiki” ba ta aiko ba. Ta dafa kafaɗata ta ce, “Allah sarki, ashe haka kan ya koma? 'Yar yayata ta gan ki a allon makarantarsu.” A gaban mata goma sha ɗaya ta faɗa. Yarinyar da tabon ƙunar da ke wuyana ta gane ni, don tana kawo wa gwaggonta saƙo tana ganina. Sai kowa ta sunkuyar da kai tana ɗaure igiyar takalmi, har da masu silifa.

Duk tsawon jinyata ko surukata ba ta ga kaina ba. Ke kaɗai na buɗe wa, don na ɗauka naka sai naka. Kika haska shi a bango ya fi faranti girma, yara arba'in suna kallo suna rubutu.

Maganar kitso kuwa, ki daina yabon kanki. Ƙaiƙayi yake yi, kuma da ruwa ya taɓa shi sai wari kamar tsumman goge-goge. Amma na samu mai gyara min bakinsa duk bayan mako uku. Ta warware layi biyu na gaba ta sake, ya koma sabo fil, kuma ba ta yi min lacca. Kaina ne, ba allonki ba.

Kada ki ƙara zuwa kantinmu. Akwai burodi a unguwarku.

Na bar ki lafiya.

Yayarki, ko kin so ko kin ƙi


Yaya,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin ganin rubutunki, ko da zagi ne a ciki. Ina gaida mutanen gida.

Hoton nan babu fuska, babu suna, kuma tare da na bayan kitso na nuna shi don a ga bambanci. Darasin ranar shi ne yadda ake ɗora ƙari a kan gashi mai rauni ba tare da an ja shi ba, kuma tunda nake ban taɓa yin aikin da ya kai na kanki kyau ba: sako-sako, mara nauyi, kowane kitso da faɗin tsaga daidai ƙarfinsa. Yaran nan gobe za su haɗu da mata irinki, waɗanda suka tashi daga jinya, kuma in ba su gani ba ba za su iya ba. Gani ya kori ji. Ban san akwai wadda ta san tabon ba. In ranki ya ɓaci, ki yi haƙuri.

Amma abin da kika faɗa na gyaran baki ya fi komai tayar min da hankali. Yaya, wannan shi ne aikin da na fi hana ɗalibaina. Gashin goshi da na gefen kunne shi ya fi kowane rauni, shi kuma ake sake ja duk mako uku. Na baya an bar shi yana cuɗewa da datti ba mai duba shi. Kamar mai shafa wa ƙofar gida fenti ne, ɗakin baya yana yoyo. Mai wucewa ya ce gida ya yi kyau, ranar da rufi zai faɗo kuwa ba ya nan.

Warin ma ba kitsona ba ne. Na san yadda kike yi kamar ina wurin. Ki wanke kai da sassafe, ki matse da tawul sau biyu, ki ɗora ɗankwali, ki ɗora hula, ki shiga zafin tanderu. Ruwan ina zai bi ya fita? Ko wanki kika ninke da danshi kika tura a akwati, haka zai yi.

Idan aka ƙara wata ɗaya ko biyu, ba kibiyar kitso ba mataji da zai raba gashinki da wannan roba. Almakashi ne zai raba su. Gashin da muka yi wata shida muna jira ya fito, ina shafa miki mai kina cewa hannuna sanyi, shi za a yanke a share da tsintsiya.

Kuma bari in faɗa miki gaskiya, tunda ke ma ba ki rage min ba. Taurin kanki ba yau ya fara ba. Wata uku kika yi kina ɓoye ƙullutun nan a jikinki kafin ki yarda ki je asibiti, likita da kansa ya ce da kin zo da wuri da wahalar ba ta kai haka ba. Yanzu ma ɓoyon za ki sake? Ba ki koyi komai ba?

Salun ɗaya ne tsakanin gidanki da tashar mota, na ƙarƙashin benen nan, kuma ni na koya wa mai shi riƙe kibiya. Na rubuta mata.

Allah ya huci zuciyarki.

Ƙanwarki,
Auta


Malama,

Barka da aiki, ya ɗalibai? Ina fata kina lafiya.

Na ga takardarki, har da jan layi biyu a ƙarƙashin “cin amanar sana'a”. Na ɗauka na rabu da jan bironki shekara shida da suka wuce, ashe yana nan bai bushe ba. Ba ki tambaye ni me ya faru ba, kin yanke hukunci kin ba da maki. To ga abin da ya faru, in kina da lokacin saurare.

Anti, wato yayarki, tana zuwa saluna ne ranar da ba na buɗe shago. Ta ƙwanƙwasa, in buɗe, in sauke labule. Kafin ta zauna sai ta juya kujera ta ba babban madubi baya, ta ce in yafa tawul a kan ƙaramin na gefe. Layi biyu na gaba kaɗai take yarda in taɓa. Ranar farko na ce, “Anti, wannan ai ya isa tsifa.” Ta ce, “Aiko ki aka yi?” Zuwa na biyu na ce, “Anti, baya fa ya fara haɗewa.” Ta kama wuyan hannuna, wallahi har yau ina jin riƙon, ta ce, “Yarinya, in kika tsefe me za ki tarar? Ba komai a ƙasa. Wannan kitson shi ne gashina.”

Na ce mata akwai gashi, ga shi a hannuna ina riƙe da shi, ta sa hannu ta ji. Ta soke hannuwanta a ƙarƙashin cinya kamar na ce ta taɓa wuta. Ta ce haka kowa yake ce mata tun tana asibiti, kin yi kyau, kin murmure, alhali tana ganin yadda suke kawar da ido. Ta ce ta gaji da masu lallashi.

Kuma kin san in an warware tsohon kitso sai dunƙulen gashi ya faɗo. Duk zuwa sai ta sunkuya ta tsince shi a ƙasa kafin in kai tsintsiya, ta naɗe a takarda ta sa a jaka. Na ce, “Anti, wanda ya zube ne tun tuni, ba komai ba ne.” Ko kallona ba ta yi ba.

Kin tambaya don me na ci gaba. Don in na ƙi, za ta tafi wurin masu liƙa gashi da gam, su kuwa ba ruwansu da goshin kowa. Na gwammace ta zo wurina in yi sako-sako. Wataƙila na yi kuskure. Amma ni ban ɗauki hoton kowa ba.

Ga abin da na gani, tunda ke ba ki gani ba. Gefen hagu sama da kunne ya yi ja, da 'yan ƙuraje. Baya ya dunƙule, amma da mai da haƙuri zai warware in ba a ƙara wata guda ba. Gashi kuwa yana nan.

Malama, kin koya mana gashi, ban musa ba. Ko daga barci aka tashe ni zan ce mako shida zuwa takwas. Amma shekara biyu ina ajinki, ba ki taɓa gaya mana abin da za mu yi da matar da ta juya wa madubi baya ba.

Jiya ta zo. Na ce ba zan ƙara taɓawa ba sai dai tsifa. Ta ce ashe ni 'yar korenki ce, ta ɗaura ɗankwalinta ta fita, ko labulen ba ta mayar min ba. Yanzu ba ta da ke, ba ta da ni. Sai ki san yadda za ki yi da yayarki.

Na gode da karatun da kika ba ni. Ki huta lafiya.

Ɗalibarki ta da,
wadda kika sa wa suna Kibiya don ramata da saurina


Malama,

Ina gaisuwa, don kada a ce ban da tarbiyya.

Sannu da ƙoƙari. Ƙofa ɗaya ta rage min, kin bi kin toshe. Yarinyar da ba ta kai ƙanwar ƙanwata ba ta tsaya a gabana tana cewa ba za ta taɓa kaina ba. Sai ki ƙara wannan a darasi.

“In ranki ya ɓaci.” In! Har yanzu ba ki tabbatar ba ke nan. Sai an kawo miki hujja a rubuce da sa hannun shaidu.

Kin ce na ɓoye ƙullutu wata uku. E, na ɓoye. Kullum da safe ina taɓa shi ina ce wa kaina ya ragu. Na ɗauka duk duniya akwai mutum ɗaya da ba za ta taɓa yi min gori da wannan ba. Ba komai. Na ji, kuma na ajiye.

Ke da kika san komai game da gashi, kin taɓa sa hannu a kanki ya biyo hannun kamar ana cire ciyawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa? Ba zafi, ba ƙara. Ranar Talata ce da safe, 'yan biyu suna dukan ƙofar banɗaki suna tambayata ina safarsu. Na ce su duba ƙarƙashin gado. Na tattara shi a leda, na ɗaure, na kai shara da kaina don kada Babansu ya gani. Tun ranar ban kalli kaina ba. Ke kin gani. Yaranki arba'in sun gani. Mai kwaɓa ƙullu ta ji labari. Ni kaɗai ce ban gani ba, kuma ba na so in gani.

Kina ta cewa sabon gashi, sabon gashi. To duk gyaran da yarinyar nan ta yi min, sabon gashin naki a ƙasa nake tsintarsa dunƙule-dunƙule. Suna nan a cikin gwangwanin madara, guda shida. Wancan karon ma haka ya fara. Kada ki ce min komai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na yanke shawara. Ranar Asabar Baban yara zai aro injin aski wurin abokinsa. Zan rufe ido ya kwashe duka, da kitson da abin da ke ƙarƙashinsa in akwai. Na riga na sayi hular gashi, ita ba ta da mako huɗu, ba ta da Malama. Ya ce in sake tunani. Na ce ko ya kawo inji, ko in tafi shagon aski in zauna a cikin maza. Ya san ni. Wancan karon kwashe min aka yi ba a tambaye ni ba. Wannan karon ni na ce a kwashe.

Kin ga kin huta. Ba sauran kitsonki a kaina, ba sauran dalilin rubuto min.

Ki zauna lafiya.

Yayarki


Yayata,

Assalamu alaikum. Yau Alhamis. Ina gaishe ki, kuma ina roƙon ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yaga.

Na yi laifi. Babu “in” a ciki. Kin ce in juya madubi, na juya, sannan na saci abin da kika hana madubi ya gani, kuma da kika tambaya na yi miki ƙarya. Na ce don yara na yi. Akwai wannan, amma gaskiyar ita ce aikin ya yi kyau ina so a gani a yaba min. Maganar ƙullutu kuma, da mari na yi miki da ya fi sauƙi. Ki yafe min in za ki iya. In ba za ki iya yanzu ba, ban cancanci in matsa miki ba. Na goge hoton a waya da na'urar makaranta. Guda ɗaya da na wanke yana cikin ƙaramin ambulan ɗin nan a liƙe. Naki ne, ki yi yadda kika ga dama da shi.

Abu ɗaya zan faɗa game da gwangwanin madara, wanda ya kamata in gaya miki tun ranar farko, na tsaya ina surutun shamfu. Kowane mai rai yana zubar da silin gashi kullum, hamsin zuwa ɗari, ni da ke da mai kwaɓa ƙullu. In kai a tsefe yake, suna bin mataji da ruwan wanka ba a lura. In a kitse yake ba su da hanyar faɗuwa, sai su maƙale a gindin kitso suna taruwa, ranar da aka warware su fito gaba ɗaya. Na mako uku ne kike tsinta, ba na safiya ɗaya ba irin waccan Talatar. Amma kada ki yarda da ni. Kin ce wa mai salun kin gaji da masu lallashi, kuma kina da gaskiya.

A cikin ledar nan akwai kibiyata, ƙaramin almakashi da kwalbar mai. Ban sa madubi ba, ba a buƙatarsa. Ki rufe ƙofa, ki laluba bayan kunnenki na dama, can ƙasa inda ko hula ta zame ba mai gani. Ki kama kitso ɗaya. Ki yanke jelarsa daga can ƙasa, nesa da fata sosai, don kada ki haɗa da naki. Ki bi da kibiya kina warwarewa zuwa sama. Za ki iso wani ƙulli mai tauri kamar busasshen ƙullu, nan ne tsohon ɗaurin yake. Kada ki ja, kuma kada ki sa ruwa, ruwa ƙara ɗaure shi yake yi. Ki ɗiga mai, ki bar shi kamar tsawon tafasar ruwan shayi, sannan ki murza da yatsu a hankali, daga baki zuwa gindi. Robar za ta zare. Gashi zai biyo hannunki, Yaya, ina gaya miki tun yanzu don kada gabanki ya faɗi. Ki ajiye shi gefe. Ki koma ki kama abin da bai biyo ba, wanda in kin ja za ki ji zafi a fata. Ki miƙe shi a jikin yatsanki.

Ranar da na yi miki kitson, gaɓa biyu ne na yatsana. Ban san nawa ne yau ba. Wannan karon ke za ki fara sani.

In kin tarar ba komai, Asabar tana nan, inji yana nan, ba zan ƙara cewa uffan ba. In kin tarar da wani abu, kitso tamanin da huɗu na yi miki, na ƙirga, kuma kowanne haka ƙarƙashinsa yake. Ko me kika zaɓa, gefen hagun nan da ya yi ja ki nuna wa likitanki.

Ɗaya kawai. Ki gwada da hannunki.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai laifi,
Auta


Auta,

Wa alaikumus salam.

Ambulan ɗin yana cikin tanderu. Ban buɗe ba.

Na tsefe ɗaya. Ya wuce yatsana na tsakiya. Na ja, na ji zafi, na sake ja. Rabinsa furfura ce, wannan ba ki sa a darasi ba.

Na ce wa Baban yara ya bar wa abokinsa injinsa. Ban ce na yafe miki ba, kada ki yi saurin rubuta wannan a allo.

Guda ɗayan nan minti arba'in ya ci min, da kusan rabin kwalbar man, kafaɗata har yanzu ciwo take. Saura tamanin da uku. Ke da kika ce awa uku ne, ki zo Asabar da safe ki gwada mu gani. Ki ƙaro mai. Ki bar wayarki a gida.

Madubi yana nan yadda kika juya shi. Kada ki taɓa. In mun gama, ni zan juyo shi.

Sai kin zo.

Yayarki